Yadda Ake Yada Zango da Motar Gida a Gandun Dajin Jihar Teksas

Duk Bahaushen da ya ɗan zauna a Amurka ya ga irin motocin nan a babbar hanya ranar Juma'a da yamma: farare, dogaye kamar bas, wasu kuma tirela ce akori-kura ke ja, an ɗaure kekunan yara a baya. Su Amurkawa ke kira RV. Mu a gidanmu motar gida muke cewa, don gida ne a kan taya, da gadaje da murhu da firji da ban ɗaki. Na shekara ina Houston ina kallonsu a matsayin abin tsofaffin Turawan da suka yi ritaya, sai da wani hutun makaranta ya zo, kuɗin otal na mu shida ya nemi ya fi ƙarfina, na yi hayar ɗaya ta kwana uku. Tun daga nan da wuya shekara ta wuce ba mu fita ba.

Bayanin da zan yi na Teksas ne, don ita na sani. Hukumar Texas Parks and Wildlife ce ke kula da gandun dajin jihar, wurare fiye da 80, kuma a 2023 aka yi bikin cikar tsarin shekara 100. Sauran jihohi suna da nasu dokokin da farashin, amma harkar wuta da ruwa da tankuna ɗaya ce a ko'ina. Tafiyar nan kuwa tun ran gini tun ran zane ce: tana gyaruwa ko ta lalace tun kana zaune gaban kwamfuta kana zaɓen filin da za ka kwana.

Ka san motar kafin ka nemi wuri

Sabon shiga ya fara da haya. Akwai kamfanoni irin su Cruise America masu motocin kansu, akwai kuma Outdoorsy da RVshare inda masu mota ke ba da tasu haya. Wadda ta fi sauƙi ga iyali ita ce wadda ake kira ajin C, mai kan ƙaramar babbar mota da gado a saman kan direba. Yawanci tsawonta ƙafa 25 zuwa 30 ne, wato mita 7 da rabi zuwa 9. Lasin tuƙi na kowa da kowa ya isa, don a Teksas sai nauyin da aka yi wa mota rajista da shi ya haura fam 26,000 ake neman wani lasin na daban, motocin haya kuwa ba su kai nan ba. Tirela ta fi arha, amma ja da ita da yin ribas da ita wani karatu ne, ban ba sabon shiga shawarar ya fara da ita ba.

Lambobi uku za ka karɓa daga mai motar, ka rubuta a takarda ka manna kusa da sitiyari. Na farko tsawonta daga gaba zuwa baya. Na biyu tsayinta daga ƙasa zuwa ƙololuwar na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi, wanda a irin waɗannan yakan kai ƙafa 12. Na uku, wutarta ta amfiya 30 ce ko ta 50, wato yawan wutar da take iya ja a lokaci ɗaya. Ka kuma tambayi abin da ba ya fitowa a farashin talla: nawa ake caji kan kowane mil, nawa ne awa ɗaya na janareta, nawa ne kafin alƙalami, inshora ta rufe me da me, da tarar da za a ci ka idan ka dawo da tanki ba ka zubar ba. Man fetur ma ka yi lissafinsa tun yanzu, don galan ɗaya mil 8 zuwa 10 kawai yake kai ta.

Ranar karɓar mota kada ka yi kunya. Ka sa mai ita ya nuna maka komai da hannunsa, ka ɗauki bidiyonsa da waya: inda ake zuba ruwa, inda igiyar wuta take, yadda ake buɗe gas, wane hannu ne na wane tanki. Abin da ka ji kamar ka gane da rana a filin kamfani, ƙarfe tara na dare a daji zai gudu daga kanka.

Karanta filin kamar kana karanta takardar sayen gida

A shafin hukumar, kowane gandu yana da taswira, kowane fili da lambarsa da hotonsa da abin da ke cikinsa. Nan ne mutane ke gaggawa, nan ne kuma ya kamata a zauna.

Filayen mota iri uku ne. Akwai mai komai: wuta, famfo, da bakin bututun masai a ƙasa wanda za ka haɗa tiyon motarka da shi. Akwai mai wuta da ruwa kawai, shi ya fi yawa a gandun jiha. Sai mai ruwa kaɗai, wanda an fi yi don masu tanti. Masu komai ba su da yawa kuma su ake fara wawashewa. Gandun Huntsville, arewa da Houston, yana da su, gandun Garner ma haka. Brazos Bend kuwa wuta da ruwa ne, sai wurin zubar da tanki guda da kowa ke bi kafin ya fita. Idan kwana biyu ko uku za ku yi, mai wuta da ruwa ya wadatar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kai iyali fili marar wuta tsakanin Mayu da Satumba. Zafin Teksas yana haura digiri 38, motar kuwa akwatin ƙarfe ce, ba soron ƙasa ba.

Bayan iri, ka duba tsawon filin. Idan an rubuta ƙafa 30 motarka kuma 30 ce, nemi wani, don kana buƙatar rarar da hancin motar ba zai leƙo hanya ba. Ka duba ko fili ne da ake shiga da baya, ko wanda ake shiga ta nan a fita ta can. Na biyun rahama ne ga wanda bai iya ribas ba, sai dai ba su da yawa. Ka duba inuwa. Fili mai itatuwa ta yamma ya fi wanda ke tsakiyar rana nesa ba kusa ba, amma a hoton ka lura ko rassan sun sauko, don reshe ɗaya zai iya yage rufin roba. Sannan nisansa da ban ɗakunan gandun: wanda ke manne da su yana shan hasken fitila da ƙarar ƙofa duk dare, wanda ya yi nisa kuma yaro ba zai iya zuwa shi kaɗai ba. Fili na huɗu ko na biyar daga ban ɗaki shi nake nema.

Kusan kowane fili yana zuwa da teburin katako mai benci, da zoben ƙarfe na hura wuta mai ragar gashi a kai, da sandar rataye fitila. Wasu suna da rumfa a kan teburin. Ban ɗakunan gandu galibi suna da shawa mai ruwan zafi, kuma kuɗinta na cikin abin da ka biya. Sabis ɗin waya kuwa kada ka dogara da shi, wasu wuraren sai ka hau tudu.

Kama wuri

Ana buɗe rajistar kwana wata biyar kafin ranar zuwa. Wuri irin Garner, a bakin kogin Frio, wanda aka sa wa sunan John Nance Garner, mataimakin shugaban ƙasa daga 1933 zuwa 1941, ranar da aka buɗe ranar ake cinye filayen ƙarshen mako na bazara. Idan Yuli kake so, Fabrairu za ka zauna gaban kwamfuta. In ka makara, ka gwada Lahadi zuwa Alhamis, ko ka riƙa leƙawa, don mutane suna fasawa.

Kuɗi kashi biyu ne, kuma wannan yana ruɗa mutane. Akwai kuɗin fili na kowane dare, wanda ga mai wuta yakan kama daga dala 20 zuwa 35. Akwai kuma kuɗin shiga na kowace rana a kan duk mai shekara 13 zuwa sama, ƴan daloli ne amma suna taruwa; ƴan ƙasa da haka kyauta. Katin shekara na gandun jihar, wanda dala 70 ne a 2023 kafin a ƙara masa kuɗi, yana ɗauke kuɗin shiga ga mai katin da waɗanda ke motarsa, yana kuma rage rabin kuɗin dare na biyu. Mai iyali da ke da ƴan samari, tafiya biyu ta mayar masa da kuɗinsa. Mutum takwas ne iyakar fili ɗaya, saboda haka idan gida biyu za ku haɗu, ku kama biyu maƙwabtan juna.

Lokacin da ya fi daɗi Oktoba zuwa Afrilu. Ka kuma kalli hasashen yanayi da idon basira. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwar teku ne ga masu zuwa gaɓa irin Galveston. Yankin duwatsun tsakiyar jihar kuma ambaliya ce mai zuwa farat ɗaya: a daren 4 ga Yuli 2025 kogin Guadalupe ya tashi cikin ƙasa da awa ɗaya, mutum fiye da 130 suka rasu, da yawansu masu zango ne a bakin ruwa. Idan filinka na kusa da kogi, ka kunna gargaɗin yanayi a waya, ka kuma san hanyar tudu tun da rana.

Kayan da za ka tabbatar suna cikin motar

Tiyon ruwan sha, fari ko shuɗi, wanda ba a taɓa sa shi a wani aiki ba. Ƙaramin ƙarfen rage ƙarfin ruwa da ake ɗaurawa a bakin famfo. Tiyon masai mai kauri, da safar hannu ta roba da yawa. Na'urar kare wuta da ake sawa tsakanin soket da igiyar mota, da mahaɗin da ke juya amfiya 50 zuwa 30. Waigi na taya, da katakai ko tubalan roba na daidaita mota, da ɗan ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a ciki. Tocila, maganin sauro, kwalin magunguna. Wasu motocin haya suna zuwa da rabin waɗannan, sai ka duba da idonka. Daga gida kuma buta biyu, tabarma, dardumar salla, takardar alminiyam, da naman halal da ka saya tun a gari, don ƙauyukan da ke kusa da gandun ba za ka samu ba.

Hanya da isowa

Ƙarfe 2 na rana ake shiga fili, 12 na rana ake fita. Ka tsara tafiyar yadda za ka isa da sauran rana sosai. In ka ga dare zai yi maka, kira ofishin gandun kafin su tashi, don ana rufe ƙofa da dare a wurare da yawa, lambar makulli za su ba ka. A hanya ka bar tazara mai yawa, ka faɗaɗa kwana, ka karanta allon tsayin kowace gada da rumfar gidan mai. Masu zuwa Palo Duro, kusa da Amarillo, su sani cewa zangon yana can ƙasan kwazazzabon da zurfinsa ya kai ƙafa 800, hanyar kuma gangara ce mai lanƙwasa. Ka sa ƙaramar giya injin ya riƙe motar, kada ka kwanta kan birki har ya yi zafi.

A ofis za a ba ka takardar mannawa a gilashi da taswira. Ka tambaye su abu biyu: an hana hura wuta ne a ƙaramar hukumar saboda fari, kuma ina wurin zubar da tanki yake.

Da ka iso filin, kada ka shiga kai tsaye. Tsaya a hanya, sauka, zaga da ƙafa. Duba inda sandar wuta da famfo suke, yawanci ɓangaren direba, ka duba rassa a sama da duwatsu a ƙasa. Sannan ka tsayar da mutum ɗaya a baya inda kake ganinsa a madubi, ku yi yarjejeniya: in ba ka ganinsa, ka taka birki. Karonmu na farko uwargida ce ta tsaya, tana ta kaɗa hannu tana cewa, "Maigida, dama! Dama na ce!" Ni kuwa ban san damarta take nufi ko tawa ba. Sau biyar ina shiga ina fita, yara na dariya ta taga, har wani dattijo da ke filin gefe ya ajiye kofin shayinsa ya taso. Abin da ya koya mana shi ne a daina cewa dama da hagu, a ce ɓangaren direba ko ɓangaren fasinja, a kuma kira juna a waya a sa a lasifika maimakon ihu. Tun daga ranar ba mu sake faɗa kan ribas ba.

Daidaita mota

Ido ba mudu ba ne ko da ya san kima, saboda haka ɗora ma'aunin a ƙasan motar ta ciki, gefe da gefe sannan gaba da baya. Ɓangaren da ya yi ƙasa ka jera masa katako a gaban taya, ka hau a hankali, ka ja birkin hannu, ka sa waigi. Ba don daɗin barci kaɗai ba ne. Firjin yawancin motocin nan ba irin na gida ba ne, da zafi yake aiki, wani sinadari ke zagayawa a bututunsa, kuma idan motar ta karkace sosai sinadarin ba ya gudana, firjin ya daina sanyi ko ya lalace gaba ɗaya. Sai motar ta daidaita sannan za ka fitar da ɓangaren ɗakin da ke zamewa waje, in tana da shi, bayan wani ya duba babu itace ko sanda a wurin.

Wuta

Buɗe akwatin da ke kan sandar. Za ka ga soket biyu ko uku, kowanne da makunninsa. Na amfiya 30 rami uku gare shi, na 50 rami huɗu, sai na gida na yau da kullum. Kafin komai ka kashe makunnin. Sa na'urar kariya, kunna, duba fitilunta sun nuna wayoyin lafiya suke, sake kashewa, haɗa igiyar motar, sannan ka kunna. Idan soket ɗin ya yi baƙi ko fulogi na rawa a ciki, ka gaya wa ofis, kada ka yi ƙarfin hali.

Ga lissafin da ya kamata kowa a motar ya sani. Amfiya 30 a kan bolt 120 wat 3,600 ne. Ta 50 kuwa layi biyu ce, jimla wat 12,000, fiye da ninki uku. Na'urar sanyaya ɗaki ɗaya tana cin amfiya 13 zuwa 15, wato rabin abin da mai 30 yake da shi ya tafi. Butar shayi ta lantarki tana cin kusan 12, na'urar ɗumama abinci ma kusan haka. Ka kunna ukun tare, wuta ta ɗauke. Mu mun koyi wannan ne ana cikin zafin la'asar, na ɗora ruwan shayi, babbar ƴarmu ta sa abinci a ɗumama, komai ya mutu ɗif. Ƙaramin ya ce, "Baba, a nan ma ana ɗauke wuta?" Na fita na tayar da makunnin kan sanda, aka dawo daidai. Dokar gidan yanzu: in sanyi na aiki, abu ɗaya mai zafi kawai ake kunnawa. Tukunyar dafa ruwan wanka kuma a mayar da ita kan gas. Akwai kuma matsalar da duk wanda ya taso a gida ya sani, wato wuta marar ƙarfi. Ranar da zango ya cika kowa ya kunna sanyi, ƙarfin wutar yakan sauka, ya ƙona inji. Na'urar kariya mai kyau tana yanke wutar da kanta idan haka ta faru, shi ya sa ba na tafiya babu ita.

Ruwa da tankuna uku

Buɗe famfon ya zuba na ɗan lokaci kafin ka haɗa komai. Ɗaura ƙarfen rage ƙarfi a bakin famfon, sannan tiyo, sannan motar. Bututun cikin motar roba ne, ƙarfin ruwa 40 zuwa 50 a ma'aunin psi suke so, famfon wasu wurare kuwa ya ninka haka. Buɗe a hankali, shiga ciki ka duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko akwai ɗiga. In za ku fita yawo na awanni, ka rufe famfon.

Tanki uku ne a ƙarƙashin motar. Na ruwa mai tsabta, wanda ke aiki idan ba ka haɗe da famfo. Na ruwan wanka da wanke-wanke. Sai na masai. A motar ajin C kowanne daga biyun ƙarshe bai fi galan 25 zuwa 35 ba, kuma mutum biyu su yi wanka irin na gida sun cika ɗaya. Saboda haka wanka a ban ɗakin gandu, na mota a bar shi don dare da ƙananan yara. Zubar da ruwan wanke-wanke a ƙasa laifi ne, ana cin tara.

Mu masu buta muna da riba a nan da Turawa ba su da ita. Babbar cutar tankin masai ita ce ƙarancin ruwa da yawan takarda, ƙazanta ta taru ta daskare. Tsarki da ruwa yana hana wannan. Illarsa kawai tankin yana saurin cika, gidan mutum shida kwana biyu ya isa. Kada a jefa ƙyallen goge jarirai ko audugar mata a ciki ko da an rubuta a kwalin cewa suna narkewa. Kuma ko a fili mai komai kake, ka bar hannun tankin masai a rufe har sai ya kai kashi biyu cikin uku. In ka bar shi a buɗe, ruwan zai riƙa tsiyayewa ya bar tudun a ciki, fitar da shi kuwa aiki ne da ba na yi wa maƙiyi fata.

Zaman kansa

Daga 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, babu janareta, babu kiɗa, hira ma a sassauta murya, abin da yake yi mana wuya in an haɗu. An hana shan barasa a bainar jama'a a gandun Teksas, shi ya sa wurin ya fi zangon ƴan kasuwa natsuwa ga mai iyali. Karnuka suna da yawa, amma doka ta ce a riƙe su da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba. An hana tsintar itace ko da busasshe ne a ƙasa, sai dai ka saya a shagon gandun ko kusa da shi. Kamun kifi daga gaɓa a cikin gandun jiha ba ya buƙatar lasin, abin da yara ke so ke nan.

Ragar gashin da ke kan zoben wuta ba ka san me aka gasa a kai jiya ba, kuma a Teksas naman alade ba baƙo ba ne. Ko ka zo da taka ragar, ko ka shimfiɗa takardar alminiyam ninki biyu. Mu tsire muke yi da yajin ƙuli, a jera tsinkayen a gefen garwashi yadda masu tsire ke yi, kuma ban taɓa yi ba wani maƙwabci bai zo tambayar mene ne wannan ƙamshin ba. Da an gama a kashe wutar da ruwa har toka ta yi sanyi.

Alƙibla daga Teksas arewa maso gabas take. Ka duba ta tun kana da sabis, ka sa alama da wata bishiya. Kafin ka shimfiɗa tabarma ko ka tsuguna alwala, duba ƙasa: akwai jajayen cinnaku masu gina ƴan tudun ƙasa a ciyawa, cizonsu kamar wuta, suna kuma hawa mutum da yawa kafin ya ankara. Da dare a riƙe tocila a sa takalmi rufaffe saboda macizai. A Brazos Bend da Huntsville akwai kadoji, kuma na Brazos Bend har kan hanyar ƙafa suke kwanciya shan hantsi. Dokar gandun ita ce a bar musu ƙafa 30, kada a ba su abinci, yara kuma kada su kusanci bakin ruwa. Ɓarawon zango na gaskiya shi ne rakun, wata dabba mai girman muzuru da baƙin zane a ido, tana da yatsu kamar na mutum. Ta taɓa buɗe mana kula ta kwashe kaji biyu da aka jiƙa da yaji, da safe sai leda muka tarar a gindin itace. Duk abin ci ya kwana a cikin mota.

Rumfar jikin motar kuma, naɗe ta duk lokacin da za ku bar wurin ko za ku kwanta. Iskar Teksas tana tashi babu sallama, kuma inshorar haya sau da yawa ba ta biyan rumfa. Idan ƙararrawar gas ko ta hayaƙi ta yi kuka, kowa ya fita tukuna, a rufe tukunyar gas daga waje, sannan a yi bincike.

Tashi da zubar da tanki

Ka bi abin da ka yi a juye. Naɗe rumfa, mayar da ɓangaren da ke zamewa, rufe tagogin rufi, kulle firji da durowoyi, kashe makunnin sanda kafin ka zare igiya, kwance tiyo ka tsiyaye shi, sauka daga kan katako, kwashe waigi. Zaga motar sau ɗaya kana kallon sama, sau ɗaya kana kallon ƙasa. Matakalar ƙofa da eriya su aka fi mantawa.

Ranar Lahadi daga ƙarfe 10 layi yake kamawa a wurin zubarwa, saboda haka ko ka yi sammako ko ka shirya jira. Tsayar da motar yadda bakin bututunta ya yi daidai da ramin. Sa safar hannu. Kafin ka cire murfin, taɓa hannayen biyu ka tabbatar a rufe suke, sannan ka juya murfin a hankali kana gefe, ba gabansa ba. Haɗa tiyon da motar tukuna har ya kama, sa ɗaya bakin a ramin, ka danne shi da dutse ko murfin ramin don kada ya yi tsalle. Ja hannun tankin masai, shi ne mai babban bututu, ka jira har ƙarar ta tsaya. Wani ya shiga ciki ya zuba bokiti biyu na ruwa ta masai don a ɗauraye, sannan ka rufe. Yanzu ja na ruwan wanka. Dalilin sa shi a ƙarshe shi ne ruwan sabulun ya wanke tiyon. Rufe, cire tiyon daga jikin motar, ɗaga shi sama ragowar ya gangara ramin, ɗauraye da famfon wurin. Wannan famfon ba na sha ba ne, kada tiyon ruwan shanka ya kusance shi. Mayar da murfi, rufe ramin, jefa safar a shara, wanke hannu da sabulu. Daga nan ka matsa gaba ka ba na bayanka wuri, sannan ka shiga ka zuba galan biyu na ruwa da maganin tanki a masai, don kada ƙasansa ya bushe. In motar haya ce, ka cika mai da gas a hanya, ka ɗauki hoton allon da ke nuna tankunan babu komai da na mil ɗin da ka yi kafin ka miƙa makulli.